Istigfari Ashirin da Biyar

"Ɗanɗana ki ji," in ji Baba Djibril, ya miƙo mini ɗan kofin nan nasa da bai kai ludayi ba.

Na kurɓa, na tofar a kwata. "Baba, wannan ai maɗaci ne. Maganin zazzaɓi ma ya fi shi mutunci."

Bai yi dariya ba. Ya zauna a benci yana haki, yana hararar injin kafen, wato na haɗa gahawa. Karo na huɗu ke nan a safiyar.

Ni Gwamma, fura nake damawa a ƙofar gidan hayarmu a zangon Sokodé, ɗakina na jikin nasa. Shekara ashirin da biyu Baba Djibril ya yi a Italiya yana haɗa wa Turawa kafe. Ya dawo da akwati ɗaya, da tari, da wannan injin ƙarfe mai tsaki kamar mafaɗaciyar tsohuwa. Matarsa ta rasu yana can. 'Yarsa Mu'minatu, wadda ya bari tana da shekara huɗu, ta girma a hannun gwaggonta a Dapaong, ta yi aure a can. Sallah zuwa Sallah take kiransa, su gaisa kamar waɗanda suka haɗu a mota.

Da farko kafensa kan sauko siriri kamar zuma, da kumfa ja a sama, ƙamshi ya cika tsakar gida. Ba ya duba agogo. Yana danna injin sai ya kama carbi, ya ja istigfari ashirin da biyar, ya kashe. Haka ya yi duk zamansa na Turai, ya ce da jifa ɗaya yana samun lada da albashi.

Amma wata guda ke nan abin ya lalace.

"Ruwan gudu yake," ya ce. "Kafin in gama ƙirga, kofi ya cika har ya zube. Niƙan ne bai yi laushi ba."

Ya ƙara wa garin laushi, ya danne shi da duk ƙarfinsa, ɗaci ya ƙaru. Ya ɗora laifin a kan ruwan famfo, na ɗebo masa na rijiya. Ya ce wutar lantarki ce ba ta da ƙarfi. Ya kwance injin ya wanke da lemun tsami. Har ya aika aka sayo masa sabon kafe daga Kpalimé. Duk a banza.

"Baba, ka bar ƙarfen nan ka kira 'yarka," na ce. "Tarin nan naka ba na jin daɗinsa."

"Ta zo in ba ta me? Ban goya ta ba, ban kai ta lekol ta yi karatu ba. Abu ɗaya na iya a duniya, Gwamma. Ki bari ya daidaita tukuna, sai in kira ta."

Ranar Talata ina tsaye a bakin ƙofarsa da waya a hannu, ina jiran kiran mai nono, ya danna injin. Idona na kan agogon wayar, kunnena na kansa. Astagfirullah, sai ya tsaya ya jawo numfashi. Astagfirullah, sai tari. Kafin ya kai ashirin da biyar, minti guda ya wuce. Injin lafiyarsa ƙalau, numfashin mai shi ne ya gajarce.

Na yi shiru. Ni da bakina ba ya ƙyale kowa a unguwar nan, na kasa gaya wa dattijo cewa ƙirjinsa ne ke ƙarewa. Kwana biyu ina kallonsa yana niƙa yana zubarwa, ina cewa, "Sannu, Baba, gobe zai yi."

Ranar Alhamis na gaji da kaina. Na karɓe carbin daga hannunsa.

"Mayar da niƙan yadda yake da. Kai ka danna, ni zan ƙirga."

Ya dube ni, ya yi yadda na ce. Na ja istigfarin da bakina na mai lafiya, na ce, "Kashe." Kofin rabi ne, kumfar ja na kwance a sama. Ya kurɓa.

"Ashe ni ne," ya ce.

"Kai ne, Baba."

"Kira min ita."

Da ta ɗauka, na miƙa masa wayar. "Mu'minatu, ni ne. Ki zo ki sha kafe."

Na ji muryarta ta cikin wayar. "Lafiya dai, Baba?"

"Lafiya lau. Ki zo kawai."

Ta ce gobe akwai suna a gidan mijinta, amma Asabar za ta shigo mota.

Ranar Asabar da hantsi ya sa farar rigarsa, ya share ɗaki da kansa duk da na hana shi, ya zauna a benci yana fuskantar ƙofar gida. Ina cikin dama fura na ce, "Baba, rana ta iso ka, matsa inuwa." Bai matsa ba. Na sake faɗa. Sai na ajiye ludayin.

Na kira Mu'minatu sau tara, wayar a kashe. Zafi ya yi yawa, motar Dapaong kuwa sai ta cika take tashi, ba wanda ya san lokacin isowarta. Liman ya ce a kai shi makwancinsa bayan azahar. Kwana biyun nan da na yi shiru suna nan a ƙirjina, kuma ban ga ranar da za su fita ba.

Bayan la'asar Mu'minatu ta shigo, doguwa kamarsa, tana murmushin kunya. Ta ga tabarmi, ta ga takalman maza jibge a ƙofar ɗakin. Ba ta tambayi kowa ba. Ta zauna a ƙasa inda take.

A hannunta akwai zabi biyu da ta kawo masa tsaraba, ƙafafu a ɗaure. Ta ajiye su a gefenta. Har aka kira magariba suna nan kwance a gindin randa, suna ɗaga kai suna kallon masu shigowa gaisuwa.