Fuskar Inna

"Karanta," in ji Yaya. Ta turo min wayar har ta taɓa hancina.

Hoton Inna ne, da mayafinta ruwan toka. A ƙasa an rubuta: "Ƙarya take yi, 'yar neman suna. A asibitin nan ake duba ni, magani har sai ka ture."

Yaya ma'aikaciyar jinya ce. Shekaranjiya ta sa hoton ɗakin magani wayam a shafinta, ta ce ko safar hannu babu. Mutum tara suka goyi bayanta. Masu zagi sun haura dubu.

"An kira ni ofis ranar Laraba. Inna ko sunanta ba ta iya rubutawa. Waye?"

Ta san inda nake aiki.

*

Mu takwas ne a ɗakin, kowa da wayoyi goma jere a kan katako. Kowace waya mutum ce: direba, tela, bazawara. Da safe Oga ke kawo abin da talakawa za su ce, mu kuma mu ce. Doka ɗaya ce, fuskar gaske wadda intanet bai taɓa gani ba. Ranar da na fara, fuskokina suka tsaya a tara. Na cike da Inna.

"Oga, a goge ta goma," na ce.

Bai ɗago ba, yana yanke farce.

"Tsohuwar? Ta fi kowa mabiya. Mai kujerar da muke wa aiki da kansa yake yaɗa maganarta."

"Mahaifiyata ce."

Dogo, na teburin kusa da ni, ya tuntsire da dariya. "Ashe ɗan shahararriya ne. Gaishe ta, jiya ni na riƙe shafinta."

"Lambar sirri na hannuna," in ji Oga. "Kai ga ƙofa can. Ita tana nan."

*

Ranar Laraba aka dakatar da Yaya. A takardar sun ce mahaifiyarta ma ta ƙaryata ta a bainar jama'a.

Na same su a gida. Yaya na ninke farar rigar aikinta, ko kallo ban ishe ta ba. Inna na zaune a bakin ƙofa, maƙwabta sun riga sun fesa mata.

"Zo nan, auta."

Na tsuguna. Ta miƙo min wayar Yaya, rubutun a juye.

"Wai na yi magana a kan 'yata, duniya duk ta ji. Karanta min, in ji abin da na ce."