Kallabi a Bakin Tiyo

Da fari ya shekara biyu, tafkin Gidimuni ya ja baya, har tiyon ruwan da ke sanyaya injin ban ruwanmu ya koma zuƙar laka. Inji ya yi zafi ya mutu. Maigidana Nomau ya shigo a gajiye, ya nufi tulun ruwan da na tafasa wa 'yarmu Shatu, don gudawa take.

"Ba ni in zuba masa, Ladi. Albasa na ƙonewa."

"Haba Malam! Shi ma injin gudawar yake?"

Na goya Shatu, na bi shi tafki, na ɗaura kallabina a bakin tiyon ya tace lakar. Inji ya tashi. Har la'asar ina cikin taɓo, in kallabin ya toshe in kwance in wanke, Shatu na barci a bayana.