Taliya Sau Biyu a Hanyar Masana'anta

A watan da aka yi gasar Olamfik a ƙasar Sin, otal-otal ɗin kan hanya suka daina karɓar baƙar fata, cikin ladabi da murmushi. Shi ya sa Zakaria, ɗan zangon Kumasi mai yi wa mutane dillanci a Guangzhou, ya aro wani ɗaki mai taya biyu wurin Basinen da ke ƙera wa Turawa irinsa, ya ɗaura shi a bayan motarsa. Akwai gado a ciki, da murhu, da taga guda wadda aka kafe labulenta da ƙusa.

A nan ya saka Alhaji Ghali, ɗan kasuwar Kano mai sayar da jakunkunan mata. Shekara uku Ghali yana sayen kaya ta hannunsa bai taɓa ganin masana'antar ba. Bana ya ce sai ya gani da idonsa kafin ya ba da odar Sallah, ga azumi saura kwana ashirin. Zakaria ya ce wurin yana gaba da garin Shiling da nisa, labulen kuma saboda 'yan sandan kan hanya ne. Ghali ya gyaɗa kai. Shi ma ya yi dillanci a kasuwar Kwari, ya san abin da ake rufe wa labule.

Awa biyu yana gwara kai da kabad yana ƙirga kwanar da mota ke sha, hagu da dama, har lissafin ya ƙwace masa. Da azahar suka tsaya a shagon taliyar Musulmin Sin: koren allo, hoton shanu a makiyaya, mutum mai farar hula yana jan ƙullu kamar mai igiyar rijiya. Ghali ya nemi shinkafa aka ce meyo, wato babu. Ya ci taliya da romon naman shanu, idonsa na aune komai, har tsagar da ke jikin butar shayi.

Bayan awa uku suka sake tsayawa. Ya sauko ƙugu a sage, ya ɗaga kai: koren allo, shanu a makiyaya, farar hula, ƙullu. Ya nemi shinkafa don gwaji, aka ce meyo. Butar ba tsaga, amma sauya buta ai ba aiki ba ne. Sai komai ya fito masa fili. Zagaye ake yi da shi a bayan gari, masana'antar ba ta wuce tafiyar rabin awa daga masaukinsa ba, in ma akwai ta. Har ya ji daɗin kaifin basirarsa.

Ya bari aka kawo kwanuka, sannan ya ce, "Malam Zakaria, taliyar ɗazu ce aka ɗumama mana?"

Zakaria ya bayyana masa cewa irin waɗannan shaguna sun fi dubu a ƙasar, duk allo ɗaya, abinci ɗaya, mutanen yanki ɗaya. Ghali ya saurara da murmushin wanda ya taɓa shirya irin wannan bayani da kansa. Ya ce ba zai sake shiga akurkin nan ba, zai tari tasi ya koma, kuma gobe da ƙafarsa zai nemo wurin.

"Alhaji, ka tabbata?"

"Ni Bakano ne, ɗan'uwa."

Zakaria ya shanye romonsa, ya goge baki, ya ce laban, wato mai masana'antar, yana jira, kuma Hajiya Balkissa ta Maraɗi ta daɗe tana roƙon a ba ta layin ɗinkin wannan watan. Ya ja ɗakinsa ya tafi a hankali, da sigina.

Ghali ya fita neman tasi. Titi ɗaya ne, da gonakin ayaba, da wani dutse da bai tuna ya gani ɗazu ba. Ya dawo ya ce wa mai farar hula, "Guangzhou?" Mutumin ya ɗauki biro ya rubuta 240 a bayan takarda, ya ƙara km don kada a yi gardama.

Ya daɗe yana duban takardar kafin ya buga waya. Zakaria ya ɗauka a bugu na shida, ya ce an riga an yi magana da Hajiya, amma jibi zai biyo ta nan.

"Ka zauna inda kake, Alhaji. In ka matsa ba zan gane shagon ba."