Bugun Bangon Baba Rufus

Jemima tana daka citta ta ji bugun a bango. Kwaf, kwaf.

"Na ji, Baba! Ja numfashi a hankali!" Ta ci gaba da dakanta.

Baba Rufus tsohon direban tifa ne, ɗakinsa manne da nata a gidan haya a unguwar Sintali. Taba ta cinye masa huhu. Malamar asibitin da ke ba shi shawarar barin taba ce ta haɗa su: in ƙwaɗayin ya taso ya buga bango, Jemima ta kawo shayin citta da aswaki. Amma kada ta zo da gudu. Ya zauna da ƙwaɗayin, ya ga yana wucewa da kansa. Tun bikin Ista bai kunna ko kara ɗaya ba, Jemima kuwa har a coci take faɗa.

Bugun ya ƙaru, ba tsari.

Ta miƙe, ta koma ta zauna. Ai ta san halin tsohon nan! Ranar da ta ruga, kuka ya sa mata har ta kusa aika a sayo masa taba.

Asta, matar mai gidan, ta leƙo da tsintsiya, ta kira Jemima da sunan 'yarta. "Maman Ƙauna, wannan bugu ba irin na kullum ba fa."

"Wayo ne. Malama ta ce a bar shi."

"Malama yana nan? Ke ne kina nan."

Jemima ta hura gawayi, idonta yana kan tukunya. Ruwan ya ƙi tafasa, wallahi kamar da gangan. Tsoro ya cika ta, amma ta daure.

Sai bugun ya tsaya.

"Kin gani?" in ji Jemima. "Ya wuce."

Ta tace shayin, ta ɗaga labulensa. "Baba, yau ka yi ƙoƙa..."

Yana ƙasa, kafaɗarsa jingine da bango, leɓensa ya yi baƙi, hannu ɗaya ya miƙe ƙarƙashin gado. Asta ta saki salati, ta fita kiran maza. Jemima ta durƙusa ta bi hannun da ido.

Can ciki, bayan tsofaffin takalmansa, robar maganin da yake fesawa a baki in numfashi ya sarƙe tana kwance. Ta miƙa hannu, ba wuya, ta ɗauko.