Kwana Biyar Shalele Ba Ta Yi Kashi Ba

Matar da ke da gidan rainon yara a bayan tashar mota azzaluma ce, kuma da saninta ta yi zaluncin. Yara goma sha ɗaya ta cuta don kawai kada hannunta ya taɓa ƙazanta. Anti ake kiranta. Iyaye suna gaishe ta da ladabi, suna yabon tsabtar gidanta. Babu wanda ya gano ta sai wata mai sharar ofis, ranar da 'yarta ta cika kwana biyar ba ta yi kashi ba.

Da safiyar ranar uwar ta sami yarinyar a bayan ƙofar ɗaki, ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa, ta matse cinyoyi, ta riƙe labule da hannu biyu. Gumi ya jiƙa mata goshi. Shekararta biyu da rabi, a gida Shalele ake ce mata.

"Zo ki hau fo, Shalele."

"Babu kashi," in ji yarinyar. "Ni mai tsabta ce."

Uban, direban motar haya, yana bakin gado yana sa takalmi. "Yayata ta ce a feƙe sabulu a tura mata, nan take zai fito," ya ce.

"Yaya ta tura wa nata. Ni asibiti zan kai ta."

"Aikin fa?"

"Banɗakunan ofis su jira ni. Masu shiga cikinsu ai lafiyarsu ƙalau, ni ce shaida."

Ya yi dariya kaɗan, ya duba cikin yarinyar da ya tashi kamar ƙwallo, dariyar ta tsaya. Da kansa ya sauke su a ƙofar asibiti.

Sai wajen ƙarfe goma layi ya zo kansu. Nas ɗin dattijuwa ce mai ƙaton tabarau, ba ta iya zagaye-zagaye ba. Ta kwantar da Shalele, ta danna cikin a hankali, ta juya ta ta duba.

"Kashin ya bushe ya yi tauri, har ya ɗan tsaga ta. Idan ta yi yunƙuri sai ta ji zafi, sai ta riƙe. Tana riƙewa yana ƙara bushewa. Maman yarinya, ba kya ba ta ruwa ne?"

Uwar ta ji maganar har cikin ranta. "Sista, kullum sai na cika mata gora na sa a jakarta, da yankan gwanda ko lemo. Kullum gorar babu ko ɗigo take dawowa."

"Wa ke ba ta?"

"Anti, a gidan raino. Daga bakwai na safe zuwa biyar tana can."

"Famfas nawa kike sa mata a jaka?"

"Huɗu."

"Nawa ke dawowa?"

"Uku. Wani lokaci duka huɗun." Uwar ta faɗi wannan da ɗan alfahari. "Anti ta ce ba ta taɓa rainon yarinya mai tsabtarta ba."

Nas ta sauke tabarau ta dube ta. "Baiwar Allah, ki yi tunani. Yarinya ta shanye gora guda ta wuni ba ta jiƙa famfas ba? Ruwan ina yake bi, ta kunne?"

Wata uku uwar tana murnar famfas na yi mata auki. Ta tuna yadda Shalele ke faɗa wa kofin ruwa da zarar sun shiga gida da yamma, tana sha har tana sarƙewa. Ta tuna kuma cewa ranar Lahadi kaɗai yarinyar ke yin kashi ba kuka. Duk a gabanta aka yi, ba ta haɗa ba. Wannan laifinta ne, kuma ba ta nemi wanda za ta ɗora wa ba.

Likita ya duba, ya rubuta magani. Nas ta matsa wa yarinyar wani ɗan ƙarami ta dubura, ta miƙa wa uwar kwalbar na sha mai tausasa bayan gida.

"Na matsawar zai yi aiki kafin awa guda. Na shan kuma kada ki daina don kin ga ta yi sau ɗaya, sai ranar da muka ce. Ruwa, 'ya'yan itace, ganye a abinci. Bayan kowane cin abinci ki zaunar da ita a fo na minti biyar, ƙafafunta a ƙasa. Ta yi, ki yaba. Ba ta yi ba, ki ƙyale ta. Ban da tsawa, ban da duka, ban da sabulu. Yanzu ki wuce gida kai tsaye."

Ba gida ta wuce ba. Ta goya 'yarta ta hau motar da ke bi ta tasha.

Ba ta taɓa zuwa gidan rainon da tsakar rana ba, ba kuma wani uba ko uwa da ke zuwa. Ƙofar waje a sakaye take. Ta tura, ta tsaya a baranda inda tukwanen furanni ke jere. Furannin sun yi kore shar. Anti na tsaye a kansu, ta juya baya, kwando cike da gorunan yara a hannunta. Tana buɗe su ɗaya bayan ɗaya tana tuttulewa a tukwanen.

Uwar ta ciro waya ta fara ɗaukar hoton bidiyo.

Ta taga ana ganin falon. Yara na zaune a layi a kan tabarma, tsit, kamar masu jiran hukunci. Wani ɗan yaro yana tsaye a kusurwa, fuskarsa a bango, wandonsa ya yi nauyi. Wata yarinya ta leƙo ta ce, "Anti, ruwa."

"Sai mamanki ta zo," in ji Anti ba tare da ta juyo ba. "Kina so ki yi ƙazanta a tsayar da ke kamar wancan ƙazamin?"

Shalele ta cusa fuska a bayan uwarta. Uwar ta ji jikin yarinyar ya sandare.

"Sannu da aiki, Anti," ta ce.

Anti ta juyo. Gora ɗaya ta faɗi ta gangara. Nan da nan ta shirya fuska. "A'a, Maman Shalele. Ashe kuna tafe. Ruwan ne ya yi zafi, zan sake musu wani."

"Kullum yake yin zafi?"

"Ki sauke wayar nan, don Allah. Ke ba ki san wahalar yara goma sha ɗaya ba. Wannan ya ɓata, wancan ya ɓata. Ni kaɗai ce, hannu biyu gare ni."

"Ni ma biyu gare ni. Banɗaki goma sha huɗu nake wankewa kullum, na manya masu gemu, ban taɓa kulle musu famfo ba. Idan ba za ki iya wanke yaro ba, me ya kai ki karɓar 'ya'yan mutane?"

Ta danna waya ta tura hoton cikin zauren hira na waya na iyayen yaran. Sannan ta ture Anti gefe ta shiga falo, ta buɗe firji, ta ɗauko ruwa, ta bi layin da kofi. Yaran suka riƙa sha da hannu biyu, babu mai sauke kofi sai ya ga ƙarshensa. Ta ja yaron da ke kusurwa ta kai shi banɗaki ta wanke shi tas.

Tana fitowa Shalele ta fara mutsu-mutsu a bayanta. Maganin ya kama aiki. Uwar ta sauke ta. Yarinyar ta yi ɗage, ta matse cinyoyi, idonta a kan Anti.

"Mama, Anti za ta tsayar da ni."

A saman kabad akwai fo guda uku, sababbi fil, ko takardar kanti ba a ɓare musu ba. Na nuna wa iyaye ne ranar da suka fara kawo yaro. Uwar ta hau kujera ta sauko da ɗaya, ta dasa shi a tsakiyar falo.

"Ba a kan kafet ɗina ba," in ji Anti.

"A kansa." Ta durƙusa, ta zaunar da Shalele, ta riƙe mata hannu biyu. "Ni za ki kalla, ba ita ba. Kowa yana yin kashi. Ni ina yi, Babanki yana yi. Anti ma tana yi."

Wani yaro ya ƙyalƙyale da dariya. Sauran suka kama. Shalele ta dubi Anti da mamaki, kamar yau ta fara ganinta.

"Anti ma?"

"Kullum. Hura min iska kamar kina hura shayi. Yawwa. Sake."

Yarinyar ta hura, ta yi ƙara, hawaye suka zubo. Uwar ba ta saki hannunta ba. Can sai aka ji abu ya faɗa cikin fo kamar an jefa dutse, wani ya biyo shi, wani kuma. Wari ya cika falon nan mai ƙamshin turare. Shalele ta sauke numfashi mai tsawo, ta leƙa tsakanin ƙafafunta.

"Mama, da yawa."

"Da yawa, jarumata. Ku tafa mata."

Yara goma suka tafa. Yarinyar da ta nemi ruwa ɗazu ta ja zanen uwar ta ce ita ma za ta hau. Uwar ta sauko da sauran fo biyun.

A haka iyaye suka fara shigowa. Ta farko mai sayar da yadi ce daga kasuwa, almakashi ma a hannunta don sauri. Ta dubi yara uku a kan fo, ta dubi Anti da ke tsaye ta toshe hanci.

"Wata biyu ina ɗura wa ɗana magani, ina zargin nonona da girkina," ta ce. "Ashe ke ce ciwon."

Uwar ta wanke 'yarta, ta goya ta, ta kira uban a waya. "Ta yi," ta ce. Ta ji shi yana danna hon sau uku a tsakiyar titi.

Kafin la'asar babu yaro ko ɗaya a gidan. Washegari iyaye shida suka kai hoton ofishin kula da lafiya. A cikin mako guda aka rufe gidan, aka haramta wa matar sake riƙe ɗan kowa.