Turaren Gumsu a Kan Dogo

Tun da Malam Gwadabe ya yi ritaya daga aikin reluwe ya dawo gida Haɗeja, abin da ya rage masa na jirgi shi ne wani ɗan jirgin ƙasa na wasa mai aiki da lantarki, wanda ɗansa ya aiko masa daga Legas. Ya shimfiɗa masa dogo a kan tebur a ɗakinsa, har da tasha ta kwali. Kan jirgin da taragonsa duka ba su wuce tsawon hannu ba, amma in ka ji Gwadabe na zancensa sai ka rantse fasinja yake kaiwa Nguru.

Da damina ta kankama, jirgi ya kama ciwo. Sai ƙara yake kamar ana kankare ƙanzo, fitilarsa na lumshewa, in ya zo kwana ya cije sai an tura shi da yatsa.

Gwadabe ya bi abin a tsanake. Ya kwance murfin kan jirgin ya duba haƙoran giya, babu wanda ya karye. Ya ɗiga man keken ɗinki, ƙarar ta lafa kaɗan ta dawo. Ya zargi batirin sola, ya auna, wuta na zuwa daidai. Sai ya kwantar da kan jirgin rigingine ya taɓa wa injin waya kai tsaye, inji ya juya. Ke nan daga dogo zuwa ƙafafu ne wutar ba ta ratsawa. Ya yagi farin tsumma ya goga a dogon, tsumman ya fito da wani danƙo mai ruwan ƙasa, irin wanda ya gani maƙale a ƙafafu da tsakanin giya. Ya kai hanci ya shinshina. Itacen sandal da ƙonannen sukari. Ƙamshin matarsa ne.

Gumsu Babarbariya ce daga Guri, kuma a gidansu ɗakin miji babu turaren wuta abin kunya ne. Da hannunta take haɗa shi yadda uwarta ta koya mata. Kullum in ta gama shara sai ta tura kasko ƙarƙashin teburin ta ja ƙofa, da damina kuwa har ƙari take yi saboda warin danshi.

Ya kira ta ya miƙa mata tsumman. "Ga aikinki nan. Wannan hayaƙin naki, ban da ɓarna me yake tsinanawa?"

Gumsu ta dubi tsumman, ta dube shi. "Malam, tun ranar da aka kawo ni gidan nan kake shaƙarsa."

"Ai ni ba inji ba ne."

"Haka ne," in ji ta. "Shi injin ya nuna ya san ana yi."

Da gari ya waye ta naɗe kaskonta a zane ta tafi Guri, gidan yayanta Kolo.

Gwadabe ya ce a ransa za ta huce ta dawo. Ya sayo sifirit ya wanke dogo da ƙafafu, ya sakace giya da tsinke. Jirgi ya koma zagayawa sumul, fitila tar, kwana ma ko gezau. Ya zauna yana kallo. Ɗakin kuwa sai warin asibiti da na jiƙaƙƙen bango. Kewa ta kama shi, irin wadda bai san yana da wurin ajiye ta ba. Tsumman nan da ya kamata ya yar, a aljihu ya bar shi, yana fiddowa in ba kowa.

Ranar da ya kama hanyar Guri ruwa ya cinye wani ɓangaren titi, sai da ya shiga kwalekwale, shi da bai yarda da abin hawan da ba ya bin dogo ba. Kolo ya amsa gaisuwa, ya tuna yana da aiki a gona, ya fice. Gumsu na zaune a tabarma tana tsintar shinkafa.

"Jirgin ya warke?" ta tambaya, ba ta ɗago ba.

"Ya warke sarai. Ko ƙis ba ya yi."

"To madalla. Me ya kawo ka?"

Gwadabe ya laluba aljihu ya ajiye tsumman a bakin tabarma. "Wannan ne ya daina ƙamshi."

Sai da ta tsince shinkafarta tas, ta rufe ta da faifai, sannan ta shiga ɗaki ta fito da mayafi da kasko.

Yanzu jirgin ya koma cijewa a kwana. Gwadabe kan sa yatsa ya tura shi ya wuce. Rannan ɗansa ya jiyo ƙarar ta waya, ya ce zai aiko da sabon kai.

"Bar shi," in ji Gwadabe. "Lafiyarsa ƙalau."