Mai Jirgi Ya Ƙetare da Ƙafa

Har yanzu Mai Jirgi ake ce masa, ko da yake rabonsa da riƙe filafilin tuƙa jirgin ruwa an daɗe. Yaran da aka haifa bayan kogin ya janye ma haka suke kiransa, wasunsu suna zaton jirgin sama ya taɓa tuƙawa. Ba ya gyara musu.

A da, kogin ba ya ƙafewa. Rani da damina yana nan shimfiɗe a bayan gidansa, shi kuma yana fito da mutane daga wannan gaɓa zuwa waccan, da awakinsu da kekunansu da tsegumansu. Daga baya abin ya canza hali. Sai a shafe watanni ba komai sai yashi fari fat, sannan rana ɗaya ruwa ya taho a haukace, ya ciji gaɓa, ya haɗiye gonar wani, ya wuce kamar bai yi komai ba. Kowace damina gaɓar tana ƙara matsowa kusa da gidan. Bana har bangon ɗakin baya ya tsage, tsagar da hannu ke shiga.

Wannan tsagar ce ta kawo Auta. Ita ce ƙaramar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibitin garin, gidanta yana can kan tudu. Ta sa hannu a tsagar, ta hango hasken waje, ta juyo.

"Baba, ba za ku yi daminar nan a gidan nan ba. Na share muku ɗaki."

Uwarta tana zaune tana tsince ƙulle-ƙullenta, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ni kayana a ɗaure suke tun bara. Tsohon nan ne ya yi saiwa."

Mai Jirgi ya dubi yashin ta ƙofar baya. Can ya ce zai tashi, amma sai ya je tsallake ya yi sallama da Dogo. Dogo shi ne mai fiton waccan gaɓar. Sun yi ƙuruciyarsu suna ƙwace wa juna fasinja, suna zagin jirgin juna a tsakiyar ruwa, in ɗayansu ya kwanta ciwo kuma ɗayan ya yi fito biyu.

"To mu hau babur mu bi ta gada," in ji Auta.

"Ban taɓa zuwa wurin Dogo ta gada ba."

"Baba, babu ruwa fa."

"Hanyar dai tana nan."

Washegari da hantsi suka gangara. Auta ta riƙe lema da gorar ruwa, shi kuma sandarsa. Tun kafin su yi nisa rana ta buɗe ido. Yashin ya fara shiga takalmi da zafinsa, iska ta tsaya cik. Daga gefe guda wata tifa tana tsaye tana tari, baƙin hayaƙi na fita ta gindinta, samari suna watsa mata yashi da shebur.

Mai Jirgi bai kalle su ba. Yana tafe yana nuni da sanda.

"Nan ruwa iya gwiwa ne, nan mata ke wanki. Daga wancan dutsen sai ka ajiye gorar tunkuɗa jirgi ka ɗauki filafili, don ƙasa ta ɓace. Bi ta dama, Auta."

"Me ya sa?"

"Akwai juyin ruwa a nan. Ya taɓa cinye saniya."

Ta dubi wurin. Yashi ne sumul, da sawun akuya a kai. Ta bi ta dama.

Da suka kai tsakiya sai ya ga ruwan. Ya san kawalwalniya ce, ba yau ya fara ganinta ba, amma ta yau ta yi kyau ƙwarai. Ta kwanta daga gaɓa zuwa gaɓa tana sheƙi, har da 'yan igiyoyi. Sai ya ji sanyi yana hawa ƙafarsa, daga idon sawu zuwa gwiwa zuwa ƙirji, rigarsa ta yi nauyi. Ya ɗaga kai ya ga ƙasan jiragen ruwa suna wucewa ta samansa, baƙaƙe, a hankali, kifaye na gilmawa tsakaninsu kamar tsuntsaye. Ga jirginsa nan, ya gane shi da facin kwanon da ya buga masa a gaba. Wata yarinya ta sako hannu cikin ruwan tana wasa, awarwaronta yana walƙiya. Ya san hannun. Yanzu mai hannun tana gida tana ce masa tsoho mai saiwa.

"Baba. Baba, sha ruwa."

Ya ga kansa a durƙushe, Auta ta kare shi da lema, ta jiƙa gefen mayafinta tana shafa masa a wuya.

"Ba faɗuwa na yi ba," ya ce. "Nitso na yi."

"Na gani." Ta kama tsintsiyar hannunsa tana duba bugun jininsa. "Irinku ake kawo mana kullum tun da zafin nan ya shigo. Tsofaffi da jarirai. Jiya gadajen ba su isa ba, har a baranda muka shimfiɗa tabarmi."

"Da ma ana zafi."

"Ba irin wannan ba, kai ma ka sani. An yi mana bayani a wurin aiki. Hayaƙin motoci da masana'antu da dazukan da ake ƙonawa, shi ke taruwa a sama ya lulluɓe duniya kamar bargo. Zafi ya shigo, ya rasa ta inda zai fita. Shi ya sa ruwan sama ya rikice, ko ya ƙi zuwa, ko ya zo gaba ɗaya."

Mai Jirgi ya leƙa sama ta gefen lemar. Fes take, ba ko ɗigon gajimare.

"Wa ya ce musu muna jin sanyi?"

Ta yi dariya ba ta shirya ba.

"Yawancinsa ma ba namu ba ne," ta ce. "Daga ƙasashe masu nisa yake."

"Wani ya hura wuta, wani ya sha hayaƙi." Ya dafa sanda ya miƙe. "Ni dai jirgina bai taɓa shan mai ba. In an zo rabon laifi ki faɗa musu."

Suka ci gaba. Sun wuce wasu mata da suka haƙa rami a yashin suna jiran ruwa ya tsatso, kowace da ƙoƙonta, sun yi shiru kamar masu zaman jinya. Ya gaishe su, suka amsa da sunansa.

A waccan gaɓar akwai wani ƙaton ɓaure da ake ɗaure jirage a jikinsa. Da shi yake saita hanya tun yana yaro. Yau tun daga nesa yake nemansa, idonsa na zamewa a sarari. A inda ya kamata ya gan shi, wani siririn hayaƙi ne ke tashi, shuɗi-shuɗi, ya miƙe sak don babu iskar da za ta karkata shi.

Suka hau gaɓar. Ga kututture mai faɗin tabarma, ga wani tudun ƙasa da aka lulluɓe itace a ciki yana ci a hankali, ga buhunan gawayi a jere. Wani dogon tsoho ya fito daga bayan tudun, baƙi ƙirin har gira, yana tari. Ya tsaya ya ƙura musu ido.

"Wa nake gani kamar Mai Jirgi? Ina ka ɗaure jirgin?"

"Na zo ɗaurewa na tarar ka cinye turken."

Auta ta durƙusa ta gaishe shi. Dogo ya sa mata albarka, ya jawo musu buhunan da ba a cika ba, suka zauna a inuwar wata 'yar rumfar kwano. Mai Jirgi bai daina kallon kututturen ba. Har yanzu ana ganin zoben da igiyoyi suka ci a gindinsa.

"Kada ka kalle ni haka," in ji Dogo. "Ba ni na kashe shi ba. A tsaye ya mutu. Ya yi ta miƙa saiwa yana neman ruwa har ya gaji. Ni sutura kawai na yi masa."

"Sauran fa? Da can baya duk duhuwa ce."

Dogo ya goge fuska da hannu, ya ƙara mata baƙi.

"Sauran da ransu na same su." Ya yi tari mai tsawo. "Kifi ya tafi, fito ya tafi, gero ya bushe kafin ya yi kai. Jikoki kuma ba su san wannan ba, su dai a sauke tukunya. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada, abokina. Ko kai, da me tsohuwarka take girki?"

Mai Jirgi ya dubi buhunan. Da gawayi take yi.

"Baba Dogo, tarin nan ya daɗe?" Auta ta tambaya.

"Tare muke kwana, tare muke tashi."

"Ka zo asibiti a duba ƙirjinka. Ka tambaye ni a bakin ƙofa."

"Zan zo. Ke kam kin yi hankali, ba ki biyo ubanki ba. Kin san saura kaɗan ni ne babanki? Jirgina uwarki ta fara shiga."

"Ya yi yoyo ta dawo nawa," in ji Mai Jirgi.

Suka yi dariya har tarin ya sake kama Dogo. Daga nan Mai Jirgi ya faɗa masa abin da ya kawo shi. Dogo ya gyaɗa kai kawai, ya ce tudu ma ƙasar Allah ce. Hirar ta lafa. Suka zauna suna kallon farin yashin, kowa da abin da yake gani a ciki. Mai Jirgi ya ji gyangyaɗi na ɗibarsa, rumfar tana lilo a hankali kamar an kwance ta daga turke.

Dogo ne ya fara ɗaga hanci.

"Kun ji?"

Wata iska ce ta taso daga gabas, mai sanyi, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Hayaƙin tudun ya kwanta. Can nesa, ta inda kogin ke fitowa, gindin sama ya yi baƙi kamar an shafa masa shuni.

"An yi ruwa a sama," in ji Dogo. "Kada ku koma ta yashi."

Wannan karon Mai Jirgi bai yi gardama ba. Suka yi sallama a tsaye, hannu cikin hannu, an rasa mai fara saki. Auta ta tare babur mai ƙafa uku, suka bi ta gada.

Suna tsakiyar gadar ya ce a tsaya. Ya sauka ya dafa ƙarfen. Rana tana nan a kansu, ko ɗigo bai sauka ba. Amma daga can sama wani abu yana tahowa a kan yashin, ja-ja, yana rarrafe kamar harshe. A bakinsa yana ture kumfa da karmami da robobi da wani takalmi guda. Ƙararsa ta iso daga baya, kamar garken shanu a nesa. Matan nan suka kwashi ƙoƙunansu suka haye gaɓa. Samarin suka watsar da shebur, tifar ta yi ta gurnani tana tono da ƙafafunta, da ƙyar ta fita.

Duk tsawon rayuwarsa a kan kogin nan, bai taɓa ganinsa daga sama ba. Ya ga yadda ya bi tsohuwar hanyarsa bai manta ko lungu ɗaya ba. Ya rufe wurin wanki, ya kewaye dutsen, da ya kai inda ya hana Auta takawa sai ya murɗa ya fara juyi.

"Kin gani?" ya ce a hankali.

"Na gani, Baba."

Kafin su isa gida hadarin ya cim musu. Suka tarar tsohuwar ta riga ta sa maƙwabta sun fito da kaya, tana zaune a kan ƙullin katifa da lema, tana ba da umarni. A ranar suka hau tudu. Kwana biyu ana ruwa ba sassauci, a na ukun aka aiko cewa ɗakin baya ya tafi, da rabin katanga.

Gidan Auta ba laifi. Akwai fanka in an kawo wuta, akwai famfo in an kawo ruwa. Sai dai daga tagar ɗakinsu ba a ganin komai sai bangon maƙwabci. Mai Jirgi yakan zauna yana kallon bangon har tsohuwar ta ce ya bari kada shi ma ya tsage.

Ba a yi wata guda ba ruwan ya janye, damina ta ɗauke ƙafa tun ba a gama noma ba. Wata safiya ya ɗauki sanda ya gangara shi kaɗai. Inda ɗakin baya yake, yanzu rami ne tsaye kamar an yanka da wuƙa. Ya bi gaɓar yana dubawa. Can ƙasa, a tsakiyar sabon yashi, ya hango ƙofar ɗakin kwance da katakon jikinta gaba ɗaya, a rufe, kwaɗon yana maƙale.

Ya sauka a hankali. Ya laluba aljihu, makullin yana cikin zaren da yake ɗaure makullansa. Ya hure yashin da ke bakin kwaɗon, ya murɗa, ya buɗu ba gardama. Ya kama ƙyauren da hannu biyu ya ɗaga.

A ƙarƙashi akwai ɗan ruwa da ya kwanta a inuwar ƙofar, garai-garai, bai fi faɗin faranti ba. Wasu 'yan mitsi-mitsin kifaye suna zagaye a ciki. Da haske ya faɗa musu suka watse, suka rasa wurin zuwa, suka sake taruwa. Ya daɗe a tsugune yana kallonsu. Da rana ta fara cizon ƙeyarsa, ya mayar da ƙyauren a hankali ya rufe musu, ya saka kwaɗon a aljihu, ya kama hanyar tudu.